Mai turin bidiyo na bakin kasuwa

Jama'a akwai wani yaro kusa da babbar kasuwar Maradi mai tura bidiyo a waya, jiya na bashi dala arba'in ya zuba min tarihin Shang Yang da fassarar Hausa, wallahi kuɗina bai tafi banza ba.

Mutumin wazirin ƙasar Cin ne a Sin, ya fara gyaran dokoki wajen 356 kafin haihuwar Annabi Isa. Wurin da ya fi burge ni shine inda ya kafa gungume a ƙofar kasuwa yace duk wanda ya kai shi ƙofar arewa zai samu zinariya 10, kowa yayi zuru, ya ƙara zuwa 50 wani ya ɗauka kuma aka biya shi nan take don mutane su yarda da maganar hukuma. Har awo ya daidaita, ina ma ya leƙo masu tiyar hatsinmu. A 338 sarkin da ya ɗaure masa gindi ya mutu, aka yayyaga shi da kekunan doki.

Matsalar kawai sauti, kiɗa na danne mai fassara, kuma shagon ba wurin zama sai tsayuwa a rana. Amma yaron nada fara'a, zan koma.