ThinApp: a bar kayan a AppData ko a filas?

A shagonmu na buga takardu nan Gusau mun gwada duka biyun. ThinApp shi ne ke dunƙule manhaja cikin fayil ɗin exe, ta yi aiki ba sai an yi install ba. In ka bar shi yadda ya zo, duk saitin da manhaja ta adana cikin AppData, wata folda ta Windows, yake zuwa, ƙarƙashin folda Thinstall, ga AppData ɓoyayya ce sai ka rubuta %AppData% a Run kafin ka ganta, ranar da anka yi ma kwamfuta fomat kuwa komai ya tafi, wallahi abin da ciwo.

Ɗayar hanyar, ka ƙirƙiri sabuwar folda mai suna Thinstall kusa da fayil ɗin exe a filas, can zai riƙa zubawa, ko Kaura Namoda ka tafi saitinka na aljihu. Ni ita nika so, duk da filas bai cika sauri ba.