Shagon tura fim na bakin ƙofa da memorin da ya cinye min karatun zango

Shekara biyu ke nan ina tura fim a shagon nan na bakin ƙofar makarantarmu, wanda ke tsakanin mai fotokofi da mai shayi. Duk wadda ta tambaye ni a hostel inda za ta samu fim ɗin tsoro mai kyau, can nake tura ta. Shi ya sa abin da ya faru a wannan zangon ya tsaya min a rai.

Ni dai fim ɗin tsoro shi ne hutuna. Daga laccar ƙarfe takwas zuwa layin ɗibar ruwa, zuwa girki a kan risho, zuwa laburare, mako yakan ƙare ne ina jin kaina kamar an ɗora min dutse. Daren Juma'a kuwa namu ne mu huɗu a ɗaki. A jingina waya da gwangwanin madara, a kashe fitila, a ja bargo ɗaya. Wadda ta fi kowa tsoro ita ke zama a tsakiya, kuma ita ce ba ta yarda a tsayar.

Mai shagon ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ranar da na fara zuwa ya ce, "Ƙanwata, na jini kike so ko na aljanu?" Na ce na aljanu. Tun daga nan bai taɓa cusa min na yanka da sara ba. Shi ya fitar da ni daga na Amurka, masu tsohon gida da fada riƙe da gicciye, ya kai ni na Japan da macen nan mai farar riga da gashi rufe da fuska, sannan na Koriya da na Tailan. Amma na Indonesiya ne suka kama ni. Mutanen cikinsu Musulmi ne, za ki ga an yi sallar jana'iza, an kai gawa makabarta, an dawo zaman makoki kamar a unguwarku. Sai cikin dare a ga gawar nan a tsaye cikin likkafani, ɗaure kai da ƙafa, abin da suke kira pocong. Tsoron da ke sanye da kayan da kika sani ya fi shiga jiki. Ranar da muka fara ganinsa babu wadda ta kwanta sai da muka yi Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da ƙarfi.

To a farkon zangon nan wayata ta cika. Na yi masa ƙorafi, ya zaro memori daga cikin waɗanda ya rataye a bango, an rubuta 64GB a jiki, ya ce mai kyau ne, shi ma irinsa yake amfani da shi. Kuɗin ya yi ƙasa da abin da na san ana sayarwa, amma na ɗauka sanayya ce. Ya zuba min fim 6 nan take, duk suka yi. Da na koma ɗaki na kwashe komai na karatu daga waya na mayar cikinsa: muryoyin lacca da nake ɗauka saboda malamin da ke sauri, hotunan littafin ƙawata na makonnin da na yi zazzaɓi, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Bayan wata guda na koma ya ƙara min fim 15.

Daren da abin ya fashe, saura mako biyu jarrabawa, an ɗauke wuta tun magariba. Muna tsakiyar wani fim, yarinya ta ɗaga fitilar ƙwai tana leƙa rijiya, igiyar guga tana motsi da kanta, duk mun riƙe numfashi. Sai hoto ya daskare, ya farfashe ya koma kore, waya ta ce ba za ta iya buɗe fayil ɗin ba. Na gwada na gaba, haka. Na gaba, haka. 'Yan ɗaki suna tsaki saboda fim, ni kuwa gabana ya riga ya faɗi. Na shiga wajen muryoyin lacca. Sunayensu duk suna nan a jere, da kwanan wata, da girmansu. Na taɓa na farko, shiru. Hotunan littafi kuma sun zama baƙaƙen akwatuna. Wallahi a daren nan na yi kuka, kuma ba fim ne ya sa ni ba.

Washegari wata 'yar ajinmu ta kai ni wajen yayanta da ke karanta kwamfuta. Ya sa memorin a laftof, ya gwada shi da wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika memori da bayanai sannan ta karanta su ta ga nawa suka zauna. Abin da ya zauna bai kai 8GB ba. Ya ce min ana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin memori ne ta riƙa shaida wa waya ƙarya game da girmanta. Muddin ba ki wuce ainihin cikinsa ba, komai lafiya. Da kin wuce, sabon abu ko ya bi iska ko ya hau kan tsoho ya goge shi, suna kawai ke saura. Ya ce kada in ruɗe, na gaskiya ma mai 64 yakan nuna kusan 59 a kwamfuta saboda bambancin lissafi, wannan ba cuta ba ce. Muryoyina kuwa ya ce in haƙura, abin da aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa.

Na koma shagon da sakamakon a hoto. Da farko ya ce bairos ne daga wayata. Da na nuna masa sai ya sauke murya: "Hajiya ki yi haƙuri, ni ma haka aka sayar min." Ya mayar min da kuɗina, ya ce zai tura min fim kyauta har ƙarshen zango. Na fito ina jin na huce, har na ce wa ƙawayena mutumin kirki ne, shi ma cutarsa aka yi. Wajen zaɓen fim har yau ban ga kamarsa ba.

Amma na kwana goma ina bin mutane ɗaki-ɗaki ina roƙon littafi, ina kwafa da hannu har asuba, kuma laccoci uku ban same su wajen kowa ba. Jiya na bi ta ƙofar shagon zan yi fotokofi. Memorin nan suna nan rataye a bango, irinsu ɗaya, ko guda bai sauke ba, ga wata 'yar aji ɗaya tsaye tana juya ɗaya a hannu tana tambayar kuɗinsa. Na kira ta gefe na nuna mata hoton da ke wayata. Shi kuma yana kallonmu, bai ce komai ba.