Auna murya a kwamfuta ko gwada kunnen masu sauraro: wanne ya dace da aikinki?

'Yar uwa, na ga tambayarki tun jiya da dare. Kin ce kina shirin kundin kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) kan dogon wasali da karin sauti (hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma) a Hausar Zariya, kuma kin rasa wanda za ki kama: ɗaukar muryoyi ki auna a kwamfuta, ko tara mutane ki sa su saurara. Na taɓa duka biyun, kuma tambayoyi biyu ne daban suke amsawa.

Awo yana gaya miki abin da baki ya yi. Manhajar da kowa ke amfani da ita sunanta Praat, Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ne suka ƙirƙiro ta, kuma kyauta ce. Ki ɗauki “gari” na zama da “gari” na tuwo. A boko rubutunsu ɗaya, karin sautinsu ma ɗaya, ƙasa sannan sama. Amma idan kin buɗe su a Praat za ki ga wasalin farko na garin tuwo ya miƙe, na garin zama ya tsuke, ki ja alama daga farkonsa zuwa ƙarshe ta ba ki tsawon a kashi dubu na daƙiƙa. Haka kukan yaro da kukar miya: layin da ke nuna kaɗawar tantanin maƙwallato zai tsaya sama a na farko, ya gangaro a gaɓa ta biyu a na biyun. Ranar da na fara ganin wannan a allo sai da na kira abokin ɗakina ya zo ya gani.

Sai dai wahalarsa tana wurin ɗauka. Ni a Samaru na yi nawa, a wani ɗaki kusa da titi, na tara muryoyi na kwana biyu, da na zauna aunawa ashe ƙugin janareton maƙwabci ya shige ƙarƙashin kowace kalma, layin karin sauti sai tsalle yake. Duk na zubar. Ki nemi ɗaki mai labule da katifa, ki kashe fanka, ki ajiye a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Kada ki yarda a turo miki ta saƙon murya na WhatsApp, matse sautin yake yi.

Kuma kada ki miƙa wa mutum jerin kalmomi ya karanta. Tunda boko ba ya nuna tsawo ko kari, wanda ya ga “fari” bai san launi kike nufi ba ko rashin ruwan sama ko ƙwarin da ke cin amfanin gona. Nuna hoto, ko ki saka kalmar cikin jimla ɗaya da ba ta canzawa, kamar “Ban ce … ba”. Wannan jimlar tana da wani amfanin: a Hausa karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko ƙasa da na saman da ya gabace shi, don haka kalmar da ke ƙarshen doguwar jimla ba a kwatanta ta da ta farko. Kada kuma ki haɗa lambobin maza da na mata a kwando ɗaya, muryar mace ta fi tashi tun asali.

Gwajin sauraro kuwa yana gaya miki abin da kunnen Bahaushe ya ɗauka a matsayin bambanci. A Praat ɗin nan dai za ki ɗauki garin tuwo ki yi ta rage wasalin kaɗan-kaɗan, mataki bakwai ko tara, ki gauraya su, ki sa wa mutum abin sauraro a kunne ya nuna hoton garin zama ko na kwanon garin tuwo. Inda amsoshi suka juya, nan iyakar take. Kayan aikinsa ba yawa, amma mutane yake ci: muryar mutum ɗaya ta isa ki haɗa gwajin, masu sauraro kuwa sai da yawa, kuma bayan minti ashirin sun gaji sun fara canki-canka.

Ga inda biyun suke rabuwa a fili. “Gida” mai dogon wasali a ƙarshe, da “a gida” mai gajere. Idan kalmar ta zo a ƙarshen magana, gajeren wasalin yakan ƙare da ɗan datsewar maƙwallato, irin ta hamza. Awo zai nuna miki tsawon ya bambanta, ga kuma datsewar. Amma wanne daga cikinsu mai sauraro ke dogara da shi? Ko kin auna kalma dubu ba za ki sani ba, sai kin cire datsewar kin bar tsawon, ki ji me mutane za su ce.

Shawarata, da yake watanni kaɗan gare ki, ki fara da awo. Ba ki iya shirya gwajin sauraro sai kin san tsawon da mutane ke furtawa da gaske. Ki taƙaita: dogon wasali kawai, kalmomi biyu-biyu kamar goma, ki bar karin sauti ga digiri na biyu. Wurin zaɓen masu magana ki tambayi kowa inda ya tashi, don Samaru da Sabon Gari cike suke da baƙi, Hausar cikin Birni kuwa sai kin shiga ta Ƙofar Doka kin nemi waɗanda aka haifa a can. Ki nemi izininsu kafin ki kunna na'ura, musamman iyayenmu mata. Idan lokaci ya ragu, ki ƙara ɗan gwajin sauraro na kalma ɗaya tak a babi na huɗu. Ki fara nuna wa malamin da ke duba aikinki jerin kalmomin kafin ki ɗauki ko murya ɗaya.