Na sa wa tsohuwar BMW E30 katirij ɗin shok na kamfanin Bilstein a gaba, ga abin da na gani

Masu tsofaffin motoci irin nawa, musamman 'yan E30, wannan naku ne. Tawa 325i ce mai ƙofa biyu, injin M20 silinda shida, 'yar Kwatano ce tun zamanin da ake shigo da su da araha. BMW ta ƙera E30 daga 1982 zuwa 1994, kenan ko wacce ka gani a titi yau ta haura shekara 30, to shok ɗin da ke ƙafarta in na asali ne ai sai dai a yi masa addu'a. Tawa ta kai matsayin da in na taka birki sai gaban ya yi sujada, in na sha kwana kuma sitiyari ya yi wani sako-sako ba ka san inda tayar take ba.

Abin da kowa yake ce min shi ne je Panteka ka sayi ƙafa, wato bututun da ke ɗauke da shok da sifirin da taya, 'yar Beljiyam gaba ɗaya a ɗaura maka ka huta. Ni dai ban yarda da wannan shawarar ba kuma har yanzu ban yarda ba. Ƙafar da aka kwance daga motar da ita ma ta shekara 30 me za ta ba ka? Gajiyayye ka cire ka sa gajiyayye. Alhali ƙafar gaban E30 an yi ta ne yadda za a buɗe ta, akwai wani babban noti a bakin bututun, in ka kwance shi sai ka zaro shok ɗin daga ciki ka zura sabo, bututun da wurin zaman sifirin da inda taya take ɗaurewa duk suna nan ba ka taɓa su ba. Wannan na cikin shi ne katirij. Haka ƙafar gaban Datsun 240Z take, haka ma tsofaffin Porsche 911 masu ƙafar kamfanin Boge, masu irin waɗannan motocin a Turai da Amurka ba sa yar da ƙafa, ciki kawai suke canzawa.

Na tsaya tsakanin Koni mai ruwan ɗorawa na ƙasar Holan da Bilstein na Jamus. Koni yana da daɗin cewa za ka iya murza shi daga sama ka ƙara masa tauri ko ka rage, amma na san halina, zan yi ta murɗe-murɗe ne kullum ban zauna wuri ɗaya ba. Sai na ɗauki Bilstein B6 tunda sifirin ɗina na asali ne ban rage wa motar tsawo ba. Wanda ya sa gajeren sifirin, Bilstein B8 ne nashi, kar a haɗa. Kuma don Allah a titinmu ban ga dalilin da mutum zai ƙara dasa E30 a ƙasa ba, kaskon mai ɗinta dama a ƙasa yake, rami ɗaya ya ishe ka kuka.

Kafin ka tura kuɗi ka auna bututun. E30 kala biyu ne, akwai mai faɗin milimita 45 akwai mai 51, yawanci 325i mai 51 ce amma motar da ta bi hannu goma a ƙasar nan ba ka da tabbacin ƙafar da ke jikinta tata ce, wani ya iya ɗaura mata ta 316 tun tuni. Ni sai da na sa aka auna duka biyun, dama da hagu, sannan na yi oda, don da tsadar dala yanzu kaya su zo ba su shiga ba ba ƙaramin ciwon kai ba ne, mayarwa kuma ka manta da ita.

Wurin ɗaurawa ne aka sha daru. Bakanikena mutum ne mai hannu, ya daɗe a kan motocin Jamus, amma yana fito da katirij ɗin daga kwali ya juya shi ya ce Alhaji wannan sandar tasa ta yi kauri da yawa anya na motar nan ne. Na ce Oga nata ne, a kife aka yi shi. Abin da kake gani mai kauri yana sheƙi a sama jikin shok ɗin ne, siririyar sandar tana can ciki ta ƙasa, shi ya sa yake jure ƙarfin da ke bugun ƙafar ta gefe in kana shan kwana. Robar da ke tare shi in ya nutse har ƙarshe ita ma tana ciki, don haka tsohuwar robar waje ba a mayar da ita, ba ma za ta shiga ba. Sai kuma maganar mai. Sun saba in za su sa katirij su ɗan tsiyaya mai a bututun don ya riƙa ɗauke zafi, wannan daidai ne ga shok irin na da mai bututu biyu, amma wannan a bushe ake sa shi. Yaron shagon har ya ɗauko galan na ce a'a ɗan'uwa ajiye. Muka zubar da tsohon man da ke ciki wanda ya koma baƙi ƙirin yana wari, aka wanke da fetur aka bar shi ya bushe.

Babban notin nan kuwa ya ci tsatsa, sai da aka kama ƙafar a bais aka sa dogon bututu a sifana mutum biyu suka danna kafin ya motsa. Sabon katirij da nashi notin yake zuwa, shi za a sa. Sifirin kuma na dage sai da aka nemo abin matse shi na gaskiya, wannan dabarar ta ɗaure shi da waya ko a sa ƙato ya hau kai ni ba da ni ba, na taɓa ganin sifirin ya kufce ya fasa rufin kwano. Tunda an riga an kwance komai na canza mazaunin sama mai boris da bushin ɗin hannun ƙasa, baya ma na sa B6 da sababbin mazauni don na bayan E30 sun yi suna wurin yagewa. Daga nan sai wurin alaimen, wanda a gaban E30 abu ɗaya ne kawai ake iya saitawa, shigar taya ciki ko waje ta tayarod.

To ya motar take yanzu? Gaban ya ɗan ɗaga kaɗan saboda iskar gas ɗin da ke ciki tana turawa, in ba ka san motar ba ba za ka lura ba. Sujadar birki ta tafi. Na bi hanyar Jos ta Saminaka da ita inda akwai kwanoni, wallahi ka juya sitiyari ta bi nan take, ba wannan jinkirin da sai jikin motar ya gama kwanciya sannan ta juya, kuma in ka haye tudu da gudu sau ɗaya take sauka ta zauna ba lilo. A kwalta mai kyau da gudun 100 zuwa 120 ta fi da natsuwa nesa ba kusa ba.

A cikin unguwa da gargada kuwa za ka ji titi, kowane faci da kowane dutse zai gaishe ka, haka aka yi shi dama, shok ne na mai son tuƙi. Uwargida ta shiga ta ce Baban Ummi wai kuɗi ka kashe don motar ta ƙara tauri? Na ce eh. Ta ce Allah ya kyauta, gobe a ɗayar za ka kai ni. Wanda yake son E30 ɗinsa don kai yara makaranta ta hanyar da ba kwalta gara ya nemi katirij na Sachs mai laushi irin na asali, ya fi araha ma, kuma hanyar sawa ɗaya ce sai dai batun roba da mai da na faɗa. Ni tayata inci 14 ce mai ƙiba, ita take shanye rabin dukan, wanda ya sa inci 17 mai siririyar taya ya ɗora B6 a kai a titin Kaduna bayansa zai gaya masa.