Jitar bes ɗina ta Sabon Gari a hannun wani dattijo a Landan

Shekara tara ina riƙe da jitar bes ɗin nan, tun ranar da na saye ta a wani shago a Sabon Garin Zariya, mai shagon yana rantse-rantse cewa Fender ce ta asali, 'yar Amurka. Da ita na yi kiɗan biki daga Tudun Wada har Samaru, da ita kuma na hau jirgi. To watan jiya wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin suka yi nesa da katako, sai yatsa ya yi kokawa kafin ya danne su. Na ce bari in kai ta gyara.

Abin haushi na farko, a nan ba ka saɓa kayanka ka faɗa wa mai gyara haka kawai. Sai ka buga waya an ba ka rana. Ni mako uku aka ba ni. Mutum da kuɗinsa, da kayansa, amma yana layi kamar mai neman ganin likita. Na yi ta mita ni kaɗai a ɗaki, ina tuna yadda a gida kafin la'asar an gama maka ka wuce.

Ranar da na je, wani dattijo ne mai furfura a wani ɗan shago kusa da titin Denmark, layin da ya yi suna da shagunan jita. Akwai mutum biyu a ciki suna jira. Na ajiye ta a gabansa, na ce masa Fender ce, tsohuwar ƙira, ya yi mata a hankali. Bai tanka ba. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya tallafe wuyan da ɗan matashi, ya sassauta tsirkiyoyi, ya kwance sukurori huɗun da ke baya. Wuya ya rabu da gangar jiki. Sai ya yafito ni da hannu, ya haska min ramin da tocila. Katakon hawa-hawa yake kamar shafukan littafi, falankin manne ne irin wanda kafintocinmu ke yin silin da shi. Ya juya gindin wuyan, inda kamfanin ya saba buga kwanan watan ƙira, wayam. Sunan da ke kai kuwa sitika ce aka shafe da fenti.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutanen nan biyu suka kau da kai, wanda ya fi min ciwo a kan a ce dariya suka yi. Shekara tara ina nuna wa abokai sunan nan, ina hana yara taɓawa.

Shi kuwa dattijon ko a jikinsa. Ya ce ba Fender ba ce, amma katakon wuyan mai kyau ne, za ta gyaru. Ya nuna min notin sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ita ke miƙar da shi idan tsirkiya ta ja: an cinye bakinsa da sukundireba da ba nasa ba. Na san ranar da aka yi wannan aika-aika, a wajen wani mai gyaran rediyo ne, ina tsaye. A kan jaki kuma, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindi, ɗaya daga cikin 'yan sirdin huɗu da kowace tsirkiya ke zama a kan nata, guntun noti ne aka yanke aka cusa. Shi ya sa tsirkiyar nan ba ta taɓa daidaita ba in na hau sama, ni kuma ina ta zargin kunnena.

Kafin ya fara aiki sai ya sauko da wata daga bango, ya miƙo min, ya jona amfilifaya, ya ce in zauna in ji abin da nake zaton na mallaka. Sabuwa ce dal, amma an ƙera ta bisa tsarin Precision, wato ƙirar bes ta kamfanin Fender, ta 1962. Kusan awa guda ina kaɗawa, ba wanda ya ce min in ba saye zan yi ba in ajiye.

Abin da hannu ya fara ji shi ne faɗin wuyan, inci ɗaya da kwata uku a sama, ga fuskar katakon a kumbure kamar bayan ƙwarya, ba shafaffe irin na zamani ba. Kunnuwan ɗaure tsirkiya manya ne, haƙoransu a waje, kuma baibai suke juyawa: na murɗa don in ɗaure sai na ga ina sassautawa. Akwai murfin ƙarfe mai walƙiya a kan jaki, a ƙarƙashinsa an manna ɗan soso yana danne tsirkiyoyin don kada sauti ya yi ta jan jela. Tsirkiyoyin kuma masu santsi ne, ba masu kaushin nan da muka saba da su ba. In ka kaɗa sai ta ce dum, ta tsaya, kamar an daki ganga an dafe fatar. Dattijon ya ce da irin wannan haɗin makaɗin bes James Jamerson ya yi wa kamfanin waƙoƙi na Motown kiɗa a Ditiroyit, kuma shi ba ya ma son canza tsirkiya. Na tambaye shi amfanin wani ɗan guntu da aka ɗaure a ƙasan tsirkiyoyi. Ashe lokacin da Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya fitar da bes ɗinsa na farko a Kalifoniya a 1951, zatonsa da babban yatsa za a riƙa kaɗawa, sauran yatsun su riƙe guntun. Makaɗa suka bi tasu hanyar, daga baya kamfanin ya mayar da shi sama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shiru. In na ɗaga hannu, amfilifaya ba ta ce uffan. Ku da kuke gida kun san gurnanin nan da ke tashi a sifika da zarar an tada janareta, mu yi ta zagin mai haɗa sauti. Tun 1957 aka raba maganaɗisun ɗaukar sautin Precision gida biyu, aka naɗe wayoyinsu saɓanin juna, gurnanin wannan ya kashe na wancan. Ita Jazz, wata ƙirar bes ta Fender da ta fito a 1960, mai siririn wuya, irin wadda Aston Barrett ya yi wa Bob Marley kiɗa da ita, maganaɗisu biyu gare ta a rabe, sai ka buɗe su daidai wa daida gurnanin ke ɓacewa. Tawa kuwa da ya buɗe cikinta, wayar atin da ya kamata ta taɓa jaki a tsinke take. Dalma ɗigo ɗaya ta kashe ƙarar da na sha kunya a kanta a gaban amare da angwaye.

Ba komai nasu ne ya burge ni ba. Akwai wasu a rataye an kankare fentinsu da gangan, an sa wa ƙarafan tsatsa, an dusashe wuyan don a ce tsofaffi ne, kuma sun fi sababbin tsada nesa ba kusa ba. Wannan almubazzaranci ne, ko a gaban wa zan faɗa. Tsohon fentin nan na nitiro da suke yabo shi ma ba zai kai labari a Zariya ba, tsagewa yake in zafi da sanyi suka yi masa sauyin gaggawa. Kuma tsarin da sai ka sassauta wuya gaba ɗaya kafin ka kai ga notin sandar, don kawai haka aka yi a da, wahala ce tsagwaronta. Na zamani da notin ke sama ya fi mana.

Amma ku dubi yadda ya daidaita tawa. Ya danne tsirkiya a farko da ƙarshe, ya zura wani siririn ma'auni a tsakiya, yana neman tazarar kusan sulusin milimita. Ya murɗa noti kwatan zagaye, ya jira katako ya zauna, ya sake aunawa. Mu fa? A murɗa da ƙarfin tsiya har sai an ji ƙas, sannan a ce dama kayan ba shi da kyau. Muna jingina jita a jikin bango hunturu ya busar da ita har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, damina ta zo ta kumbura, ba wanda ya taɓa tunanin sake daidaita ta. In fenti ya ɗan goge a kai wa mai fentin mota ya lafta mata. Mai shago kuma ya dube ka ido cikin ido ya rantse da Allah a kan sitika. Da ya ce min kwaikwayo ce mai kyau, da na saya da farin ciki, don kuɗin da ke hannuna ke nan.

Abin da ke ƙona min rai, ba hannu muka rasa ba. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, bakan gizonsa na tsaye har yau, ba za a ce ba a san awo ba. Na taɓa zama wajen wani tsoho a cikin birni yana haɗa gurmi, ya yi ta matsar da jakin kaɗan-kaɗan yana kasa kunne, bai miƙa wa mai shi ba sai da ya gamsu. Da na ga dattijon nan ya sunkuya a kan tawa, tsohon nan na tuna, har ƙamshin ƙurar Ƙofar Doka da yamma ya dawo min a hanci.

Fam 70 na biya, ya ba ni rasit da guntun notin nan a 'yar leda, ya ce in wani abu ya motsa cikin wata guda in dawo kyauta. A daren na kira ƙanena, wanda ya gaji gurbina a ƙungiya. Ya ce, "Yaya, to yanzu jefar da ita za ka yi?" Na ce masa ina, ai yanzu ta fara kiɗa. Na saya masa ma'aunin nan da makullai masu kusurwa shida, na inci da na milimita, da tsirkiya masu santsi saiti ɗaya, wani ɗan Kwangila da zai koma gida ƙarshen wata zai kai masa. Na kuma ja masa kunne, kafin iskar hunturu ta sauko ya riƙa mayar da tasa cikin jaka, da ɗan jiƙaƙƙen soso a robar sabulu mai huji, kada ya bari ruwa ya taɓa katakon.