Na ɗora babur ɗina a kan daino a Katsina: abin da zafi da hunturu ke yi wa sakamako

Duk mai babur a Katsina ya san mashin ba ya ja iri ɗaya da safiyar hunturu da tsakar ranar bazara. Abin da ya kai ni wani gareji mai daino, na'urar auna ƙarfin inji, shi ne in ga bambancin a rubuce, a kuma saita mini kafireto bisa awo, don na gaji da saitin kunne.

Aikin ya burge ni. Ana ɗaure gaban babur da igiya, tayar baya ta hau wata gangar ƙarfe mai juyawa, a zura siririn bututu cikin salansa don auna hayaƙi, sannan a murɗe totur har ƙarshe, kwamfuta tana zana layi. Inji na ba da cikakken ƙarfi idan iska ta ninka fetur kamar sau 13 a nauyi, sau 14.7 kuma shi ne inda man ke ƙonewa tas. Nawa ana cikin sanyin Janairu aka saita shi, ya fito yana tafiya sumul.

Da Afrilu ya kama, sai fulogi ya fara baƙi, mai na saurin ƙarewa, mashin na nauyin tashi a hanyar Daura. Na koma da ƙorafi. Ogan ya kwance fulogin, ya shafa shi a yatsa ya nuna mini, ya ce, "Malam, mashin ɗinka lafiya lau, iskar gari ce ta canza." Gaskiyarsa. Iska mai zafi ba ta da kauri: daga zafin maki 15 zuwa maki 40 a ma'aunin Selsiyos tana rasa kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, kuma Katsina tana taka 40 ɗin a bazara. Kafireto ba ya auna zafi, don haka man da ya yi daidai a hunturu sai ya yi yawa. Wanda aka saita da rana tsaka a bazara kuwa, hunturu na zuwa zai fara tari da asuba. Damina ma da tata: tururin ruwan Agusta yana tare wurin iskar da inji ke buƙata. Babura masu injekta, waɗanda kwamfuta ke auna musu fetur maimakon kafireto, suna gyara yawancin wannan da kansu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lambar ƙarfin doki, wato adadin ƙarfin injin da daino ke bayarwa. Kwamfutar tana gyara ta zuwa wani yanayi na bai-ɗaya. Ma'aunin SAE J1349 na Amurka yana ɗaukar zafin maki 25 da busasshiyar iska mai matsin kilofaskal 99, DIN 70020 na Jamus kuma maki 20 da matsin miliba 1013 (wato kilofaskal 101.3), shi ya sa lambar DIN ta fi girma a kan babur guda. Ga Katsina tana kan tudun kusan mita 500, matsin iskarmu ya gaza na Legas da kusan kashi 6. Wanda ya nuna maka takardar sakamakon daino ba zafi, ba laima, ba sunan ma'auni, bai nuna maka komai ba. Kuma gyaran a takarda ya tsaya, ba ya shiga kafireto.

A nan garejin ya gaza. Sai da na nema kafin a buga mini waɗannan bayanai. Rumfar ta kwano ce, fankar ƙarama, janareta na hayaƙi kusa da inda babur ke shaƙa. Injinmu iska ke sanyaya shi, saboda haka duk jan da aka ƙara sai layin ya sauka, yaran kuma ba sa jira ya huce sai oga ya tsawatar. Wannan ya dame ni, domin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Duk da haka zan sake zuwa. An sa mini ƙaramin jet na bazara, wato ƙarfen nan mai ɗan rami da fetur ke bi a cikin kafireto, an ba ni na hunturu in ajiye, fulogin ya koma ruwan ƙasa. Ɗan acaɓa mai mashin yadda ya fito daga kamfani, bakanike nagari ya ishe shi. Wanda ya canza salansa ko ya yi wa injin bori, wato aka faɗaɗa silinda, ya je, amma ya fara wanke matatar iska, don ƙurar hunturu kaɗai na iya ɓata awon, ya kuma zaɓi lokacin da ya fi hawa babur ɗin.