Na koma bit 64 saboda hotuna, sai sikana ta ce ba da ita ba

Watanni huɗu ke nan da na sauya babbar manhajar kwamfutar gidanmu daga Windows 10 mai tsarin bit 32 zuwa mai bit 64, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin da a makon farko na rubuta shi da yabo ne zalla, da kuwa a mako na biyu ne da ba zai karantu ba saboda ɓacin rai.

Kwamfutar ta tebur ce, kuma ta kwana biyu a duniya. Ta zo da Windows 7 da ram (wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai) mai gigabait 2, kuma lokacin da aka buɗe ƙofar hawa Windows 10 kyauta a 2015 na bi sahu, ba tare da na san cewa hawan yana barin mutum ne a kan tsarin da ya same shi ba, wato mai bit 32 ya ci gaba da zama a bit 32 ɗinsa. Na yi shekaru a haka ban ga wani aibi ba, saboda aikina bai wuce rubutu da shiga intanet ba. Abin da ya tono asirin kwamfutar shi ne akwatin tsofaffin hotuna da takardun marigayi mahaifinmu, wanda 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin shigar da shi kwamfuta da sikana, wato na'urar ɗaukar hoton takarda, domin kowa ya samu rabonsa. Shafi ɗaya mai girman A4, idan aka ɗauke shi da launi a kan ɗigo 1200 a kowane inci, yana haura megabait 400 kafin a matse shi, alhali Windows mai bit 32 ba ya ba kowace manhaja fiye da gigabait 2 a bisa al'adarsa. Da na buɗe hoto biyu ko uku domin goge tabo, sai manhajar gyaran hoto ta sandare, ta yi fari, ta rufe kanta tare da duk gyaran da na yi.

Na ƙara ram ya kai gigabait 8, na kunna kwamfuta da murnata, sai na ga ta rubuta cewa an saka 8 amma wanda za a iya amfani da shi 3 ne da ɗoriya. Har na fara zargin cewa jabu aka ba ni. Ƙanena, wanda ya fi ni sanin wannan harka, ya duba fuskar kwamfutar ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ram ɗinka lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ba ta iya ƙirga shi." Bayanin da ya yi mini mai sauƙi ne. Kowane bait da ke cikin ram yana da adireshi, kuma da lamba mai bit 32 adireshi 4,294,967,296 kaɗai ake iya rubutawa, wanda shi ne gigabait 4. A cikin wannan huɗun ma sai an ware wa katin hoto da sauran na'urorin cikin kwamfuta nasu kason, shi ya sa abin da ke isowa hannun mai aiki ba ya cika huɗu. Ya kuma nuna mini a shafin da ke nuna yawan ram ɗin cewa ƙwaƙwalwar kwamfutar tawa, wato furosesa, mai bit 64 ce tun ranar da aka ƙera ta. Wannan tsari ba sabo ba ne: AMD ya fito da shi a 2003 a cikin Opteron da Athlon 64, Intel kuma ya rungume shi a 2004. Ashe shekara da shekaru ina ɗaure da doki a turken jaki.

Sauyin kansa ba ya yiwuwa ta hanyar sabuntawa irin wadda aka saba, dole ne a girka manhajar daga tushe, a rasa duk manhajojin da ke ciki. Na kwashe fayilolina zuwa wani rumbun ajiya na waje, na sauke Windows ɗin a kan filasha mai gigabait 8, na tayar da kwamfutar daga kanta, kuma kafin awa ɗaya ta cika an gama. Lasisin ya dawo da kansa da zarar na haɗa intanet, ba a tambaye ni ko lamba ɗaya ba. A makon nan na farko ba a cewa komai, domin na buɗe manyan hotuna shida a lokaci guda cikin waɗanda na riga na ɗauka, burauza tana buɗe, yara suna sauraron abinsu, kwamfutar ko gezau ba ta yi ba. Tsofaffin manhajojina masu bit 32 kusan duka sun yi aiki, saboda akwai wani sashe mai suna WOW64 da ke tsaya musu a tsakani, kuma ana ajiye su a wata folda ta daban da aka yi wa alamar x86. Wani abin da har yau yake ba ni dariya shi ne, foldar System32 ita ce ke ɗauke da fayilolin bit 64, ita kuwa SysWOW64 na bit 32 ne a cikinta, kamar an yi da niyyar rikita mutum.

Ranar Asabar da ta biyo baya na ɗauko akwatin hotuna domin in ci gaba daga inda na tsaya, na jona sikana. Fitilarta ta kama, sandar cikinta ta yi ɗan gurnanin da ta saba yi idan ta farka, ta je ta dawo, amma kwamfuta ta nuna ba ta san ta ba. A jerin na'urori sai ga ta da alamar ɗan kusurwa uku mai ruwan ɗorawa, an kira ta na'urar da ba a gane ba. Na ɗauko faifan da ya zo tare da ita, wanda na adana a cikin ambulan ɗinsa tsawon shekaru, na saka, ya yi juyi biyu ya ce wannan tsari ba nasa ba ne. Na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, na tarar direba (wato 'yar manhajar da ke haɗa na'ura da Windows) na ƙarshe da suka fitar na bit 32 ne kaɗai. Na gwada nuna wa Windows fayil ɗin direban da hannuna, ya ƙi karɓa. A nan ne na fahimci abin da ban sani ba, cewa gadar da ke ɗaukar manhajoji masu bit 32 ba ta ɗaukar direbobi, domin direba yana aiki ne a cikin zuciyar babbar manhaja, don haka dole tsarinsa ya zama irin nata, kuma tun daga Vista Windows mai bit 64 yana neman direban da ke ɗauke da sa hannun tantancewa. Saboda hotunan nan na yi sauyin gaba ɗaya, kuma sauyin ne ya raba ni da na'urar da ke ɗaukar su.

Na rubuta wa sashen taimakon kamfanin sikanar wasiƙa cikin ladabi, na bayyana lambar na'urar da duk abin da na gwada. Bayan kwana biyar amsa ta iso, layi uku, cewa an daina tallafa wa wannan samfuri, kuma suna gayyata ta in duba sababbin da suke da su. Wannan amsa ta fi matsalar kanta ƙona mini rai. Sikanar nan gilashinta babu ƙwarzane ko ɗaya, fitilarta ba ta disashe ba, launin da take fitarwa ya fi na wasu sababbin da na gani a wurin abokai, amma ana gaya mini in jefar da ita saboda wani bai ga dama ya rubuta mata direba ba. Sai dai kuma dole in faɗi nawa laifin. Kafin in share kwamfutar na zauna na rubuta jerin manhajoji goma sha bakwai da zan mayar, har da 'yan ƙananan da ba na buɗewa sai jefi-jefi, amma bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya in duba abubuwan da ke maƙale da kebul a bayanta. Firinta ta yi aiki ne bisa sa'a kawai, domin Windows ya zo da direbanta a cikinsa.

Mako guda na shafe ina neman mafita. Na girka VirtualBox domin in gina wata kwamfutar a cikin kwamfuta, wanda sai da na shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na kunna damar yin hakan, sa'annan na ɗora Windows mai bit 32 a ciki na miƙa masa sikanar ta USB. Ta yi aiki, amma irin aikin da ba ya kwantar da hankali, domin a ƙananan hotuna tana gamawa, a manya kuwa sandar kan tsaya a tsakiyar gilashi, fitila a kunne, sai na zare kebul na mayar. Ga shi na yanke gigabait 2 daga ram ɗin da na ƙara na ba tsarin da na guje wa. Wani dare na zauna ina kallon rabin fuskar mahaifinmu a kan allo, sauran rabin baƙi ƙirin, har na ɗauko filashar ina shirin komawa bit 32 in huta.

Ƙanen nan nawa ne ya sake zuwa, da wata filasha mai ɗauke da Linux Mint, wani tsarin babbar manhaja daban da Windows, shi ma mai bit 64, wanda ake iya tayarwa daga filashar ba tare da an taɓa abin da ke cikin rumbun kwamfuta ba. Ya ce, "Yaya, kafin ka share komai, ba ni minti goma." Ban sa rai ba, domin na riga na yanke hukunci cewa bit 64 da sikanata ba sa ga-maciji. Ya buɗe 'yar manhajar ɗaukar takardu da ta zo a ciki, sai ga sunan sikanar da lambarta sun bayyana, ba a sauke komai ba, ba a saka faifai ba. Na ɗora hoton nan da ya tsaya a rabi, sandar ta tafi a hankali daga sama har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba, 'yata ƙarama da ke tsaye a bayana ta ce, "Baba, ga Kaka nan ya fito duka." Direban da ya yi wannan aiki ya fito ne daga wani shiri na masu aikin sa-kai da ake kira SANE, wanda ya tara direbobin ɗimbin sikanoni, tsofaffi da sababbi.

Murnar ba ta daɗe ba sai haushin ya dawo sabo, ya ma fi na da. Ashe babu abin da ya hana na'urar aiki a bit 64. Mutanen da ba su sayar mini da komai ba sun yi mata abin da wanda ya ƙera ta ya ce ba zai yi ba. Ban ce direban nasu ya cika goma ba: maɓallan da ke gaban sikanar ba sa yin komai a can, goge ƙura da manhajar kamfanin ke yi da kanta babu shi, kuma launin yana ɗan karkata zuwa ja har sai na gyara. Amma yana ɗaukar hoto cikakke, kuma abin da nake nema ke nan.

Akwai wata asara ta biyu da ban samo mata magani mai gamsarwa ba. A cikin takardun marigayin akwai faifan wata tsohuwar manhajar ajiye bayanai da ya yi amfani da ita a shekarun 1990, wadda nake iya buɗewa a Windows mai bit 32. Ita mai bit 16 ce, kuma Windows mai bit 64 ba ya gudanar da irinta sam. Yanzu sai a cikin VirtualBox nake buɗe ta, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ya hana ni goge shi.

Duk da haka ba zan koma ba, kuma ko da ina so hanyar tana rufewa. Ubuntu, wani nau'in Linux, ya daina fitar da faifan girkawa na tebur mai bit 32 tun 2017, macOS Catalina na kwamfutocin Apple ya sallami manhajoji masu bit 32 a 2019, Windows 11 da ya fito a 2021 ba shi da nau'in bit 32 kwata-kwata, shi kuma Windows 10 tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Sai dai kada wani ya ga lamba ta ninka ya zaci gudu ma zai ninka. Tashin kwamfutata da safe bai canza ba, buɗe takardar rubutu bai canza ba, kuma manhajoji masu bit 64 suna ɗan fi cin ram, tunda kowane adireshi ya koma bait 8 maimakon 4. Ribar da na samu ta ram ce, kuma wanda yake da gigabait 2 kawai ban ga abin da zai tsinta a wannan wahala ba. A ranakun da nake gyaran hoto zan ba sauyin tauraro huɗu cikin biyar ba tare da jinkiri ba, a ranakun ɗaukar hoto kuwa biyu ma sai an roƙe ni, domin sai na kashe Windows, na tayar da Linux daga filasha, na ɗauki hotuna talatin ko arba'in, na kwashe su zuwa rumbun waje, na sake kashewa na dawo. Filashar yanzu a manne take da salatif a kan murfin sikanar don kada yara su ɗauke ta, kuma akwatin bai kai rabi ba tukuna.